KEWAR GIDA BA RAUNIN IMANI BA CE

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ya gabatar wa matasa a zaman ta'alimi a garin Madadi, yankin Gwarzo da Kabo.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.

A da, in an gama girbin dawa da gyaɗa, matashin garin nan ya kan tafi cin rani Kano ko Legas, da damina ta faɗi sai ya dawo. To yanzu cin ranin ya yi nisa. Wani yana Jidda, wani Riyad, wani ya bi ta Zinder da Agadas ya faɗa Sabha a ƙasar Libiya. Muna yawan maganar kuɗin da suke aikowa, amma ba ma maganar halin da zukatansu suke ciki. Abin da nake so mu duba ke nan a yau.

Akwai wani ɗan'uwa da muka yi Islamiyya tare, yana gadin gida a Jidda. Ya ce da ni zafin rana bai dame shi ba, haka faɗan kafili, wato ubangidan da takardar zamansa take hannunsa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne ranar Sallah. Ya sauko Idi, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, babu wanda zai je ya gaisar, babu ƙanen da zai kawo masa tuwon Sallah. Ya yi kuka, sannan ya ji kunyar kukan, wai ko imaninsa ne ya yi rauni.

'Yan'uwa, ba haka ba ne. Lokacin da aka yi Hijira a shekarar 622, zazzaɓin Madina ya kwantar da Bilal (RA). Buhari ya ruwaito cewa in zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana begen Makka, yana ambaton ciyawar kwarinta da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Shin akwai wanda ya kai Bilal juriya a cikinmu? Mutumin da aka danne da dutse a cikin rana bai sauya kalma ba, amma ga shi kewar gida ta taɓa shi. Da labari ya kai ga Manzo (S) bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah Ya sanya masu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Shi kansa Manzon, malaman tafsiri sun kawo cewa da ya isa Juhfa a hanyar Hijira ya yi begen Makka, sai aya ta 85 a Suratul Ƙasas ta sauka tana yi masa albishir da komawa.

Amma Manzo (S) bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum, kamar yadda ya haɗa Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'. Ke nan maganin kaɗaici shi ne jama'a. Wannan shi ne darasin.

Saboda haka, ga wanda yake can ko yake shirin tafiya:

Na farko, ka nemi mutane tun kafin ka buƙace su. Masallacin unguwa shi ne ƙofa. A da baƙon Bahaushe a Jidda ya san in ya shiga Karantina zai ji Hausa, amma rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tarwatsa irin waɗannan unguwanni. Don haka sai ka tashi ka nema. Ko mutum biyu ne, ku tsayar da ranar da za ku ci abinci a kwano ɗaya, ku karanta ko da shafi guda. Ba dole sai Bahaushe ba. Ɗan Sudan ko ɗan Bangaladash da kuke sahu ɗaya shi ma ya bar uwa a gida.

Na biyu, ka tsayar da lokacin kiran mahaifiya, kuma ka samu mutum ɗaya a gida wanda za ka riƙa faɗa wa gaskiya. Yawancinmu hoto muke ɗauka a gaban motar wani mu aiko, alhali ciki yana ƙuna. Mai ɓoye ciwonsa ya hana kansa magani.

Na uku, ka ji tsoron dare da waya. Shaiɗan ya fi ƙarfin wanda yake shi kaɗai. Daga kallon banza sai ƙwaya wai don a samu barci, daga ƙwaya sai barin sallah. In ka ga baƙin ciki ya hana ka ci da barci kwana da kwanaki, ko ka fara raya cewa gara mutuwa, to ka faɗa wa wani a ranar, a nemi likita. Neman magani sunna ce.

Na huɗu, ka san abin da ya kai ka, da ranar da kake fatan dawowa. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya shafe sama da shekara 10 a Habasha, sai a shekara ta 7 bayan Hijira ya iso Madina, amma ya san dalilin zamansa. Wanda ya tafi babu manufa shi ne ake wayar gari ya manta hanyar Gwarzo.

Sai mu da muke gida. Mu ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Kada ɗan'uwanka ya ga kiranka gabansa ya faɗi, don ya san kuɗi za ka tambaya. Kira shi ka ce an yi ruwa jiya, gero ya yi kyau, wane ya yi aure. Je ka gaida tsohuwarsa, ka duba ko katangarta ta zube, sannan ka ba shi labari.

Kafin mu tashi daga wurin nan, kowa ya ɗauki sunan mutum ɗaya da yake waje, ya kira shi kafin Juma'a mai zuwa.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su lafiya da imaninsu.