Jawabi: Zaɓe Mai Cire Na Ƙarshe

Idan mutum uku suka nemi shugabancin ƙungiyar manoman shinkafa, mai ƙuri'a 40 cikin 100 yana iya ci, alhali mutum 60 ba sa son sa. Ranar rabon taki sai rigima.

Ga magani. Mai zaɓe ya rubuta 1 ga gwaninsa, 2 ga mai bi masa. In babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe, ƙuri'unsa su koma ga masu lamba 2 a takardun. Ostareliya na yin haka tun 1918.

A Jos, 1993, sai da SDP ta sake kaɗa ƙuri'a kafin Abiola ya kayar da Kingibe. Nan kuwa kaɗawa ɗaya ta isa, muddin kowa ya iya rubuta lamba.