SHAKKA DA ƊANƊANO A TAFARKIN SANIN KAI: DARASI DAGA RAYUWAR IMAM GAZALI



Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci da ya ba ni wannan dama. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da batun ruhi da zuciya, alhali ga masana falsafa ga malaman addini a zaune? Uzurina shi ne, harshe rumbu ne da al'umma take ajiye abin da ta fahimta game da kanta, mai nazarin harshe kuwa shi ne mai tsaron rumbun. Abin da nake so in nuna a yau guda ɗaya ne: duk wanda ya tashi neman sanin kansa da Ubangijinsa, lalle ne ya ratsa ta cikin shakka, kuma lalle ne ya saurari abin da zuciya take raya masa, amma da sharaɗin ya riƙe ma'auni a hannu. Zan kafa hujja da rayuwar mutum ɗaya wanda littattafansa suka daɗe ana karanta su a zaurukan ƙasar nan, watau Imam Abu Hamid Gazali.

Abin da Harshe ya Adana

Bari mu fara daga gida. Bahaushe ba shi da kalma ɗaya tak da ta ƙunshi wannan hali da mutum yake ciki na kasancewa a farke, yana ji, yana gani, kuma ya san cewa shi ne yake ji yake gani. Sai ya rarraba ma'anar a kan kalmomi da dama. Akwai hayyaci, wanda mutum yake fita daga cikinsa in ya suma, ya dawo cikinsa in ya farfaɗo. Akwai hankali, wanda muka aro daga Larabci, shi ne mai tashi da kwanciya da gushewa. Akwai rai, akwai kurwa, akwai ruhi, sa'an nan akwai zuciya, wadda aka ce ita ce birnin mutum.

Abin lura a nan shi ne yadda muke gina jumla idan wani sani ya zo mana ba ta hanyar lissafi ba. Mukan ce, "jikina ya ba ni", ko "zuciyata ta raya mini", ko "ya faɗo mini a rai". A duk waɗannan jumloli mai magana bai zama aikau ba. Jiki ne ya bayar, zuciya ce ta raya, shi kuwa karɓa kawai ya yi. Ashe ke nan nahawun Hausa kansa ya yarda akwai sanin da mutum yake nema ya samu, akwai kuma wanda yake zuwa ya same shi.

Haka nan ta fuskar rashin tabbas muna da shakka, da zato, da kokwanto, da tababa, da waswasi. Ba daidai suke ba. Mai kokwanto yana neman gaskiya bai kai gare ta ba tukuna. Mai waswasi kuwa ya riga ya samu, amma ya kasa natsuwa, kamar mai alwala yana sakewa sau biyar. Rikita waɗannan biyu shi ya sa ɗalibai da yawa suke ɓoye tambayoyinsu, suna tsoron kada a ce imaninsu ya yi rauni.

Shakkar Farko

An haifi Gazali a garin Ɗus, a ƙasar Kurasan, cikin Iran ta yanzu, a shekara ta 1058. Ya yi karatu a Naisabur wurin Imamul Haramaini Juwaini, har malamin ya rasu a 1085. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai 300 suke ɗaukar karatu a gabansa. Labarin abin da ya gudana a cikin zuciyarsa kuwa shi da kansa ya ba da shi a ƙaramin littafinsa Almunƙizu Minad Dalali, wanda ya rubuta kusa da ƙarshen rayuwarsa.

Tun yana matashi ya lura cewa 'ya'yan kowace al'umma suna tashi ne a kan addinin iyayensu. Sai ya tambayi kansa, mene ne bambancin sani da gado? Ya gindaya wa kansa sharaɗi mai tsanani, cewa ba zai kira abu yaƙini ba sai wanda ya kai ƙarfin sanin cewa goma ta fi uku, sanin da ko wani ya mai da sanda maciji a gabansa don ya ƙaryata shi, ba zai girgiza ba.

Da ya ɗauki wannan ma'auni, sai ya fara da gaɓoɓin ji da gani. Ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, bayan sa'a guda sai a ga ta gusa. Ido yana ganin tauraro kamar ƙwandala, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Wa ya kama ido da ƙarya? Hankali. To, in haka ne, me zai hana a ce bayan hankali akwai wani alƙali wanda in ya bayyana zai kama hankali da kuskure, kamar yadda hankali ya kama ido? Mai barci yana gaskata mafarkinsa, sai ya farka ya ga ba haka ba ne. Wa ya ba mu tabbacin cewa wannan farkawar tamu ba barci ba ce in an gwada ta da wani hali da ke gaba?

Jama'a, ku lura da inda tarkon yake. Ba shi yiwuwa a kare hankali da hujja, domin kowace hujja da hankali ake gina ta. Gazali ya zauna cikin wannan hali kusan wata biyu. Ya kuma faɗa ƙarara cewa warakarsa ba ta hanyar jera dalilai ta zo ba, ta zo ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa, har amincewa da hankali ta dawo masa. Masana sun sha kwatanta wannan da shakkar Bafaranshen nan Descartes, wanda ya buga nasa tunanin a 1641, fiye da shekara 500 bayan rasuwar Gazali. Sai dai shi Descartes ya nemi mafita ta hanyar hujja, Gazali kuwa ya ce ƙofar daga wani gefe aka buɗe ta.

Daga Labari Zuwa Ɗanɗano

Bayan ya warke ya bi sawun masu neman gaskiya na zamaninsa, ya kasa su gida huɗu: malaman ilmin kalami, da masana falsafa, da Baɗiniyya masu cewa gaskiya tana wurin imami ma'asumi, da sufaye. Ya karanci uku na farko, bai sami abin da yake nema a wurinsu ba. Da ya zo kan sufaye sai ya tarar karatu kaɗai ba ya kai mutum ga abin da suke magana a kai. Ya ce akwai bambanci tsakanin sanin ma'anar lafiya da zama mai lafiya, ga shi likita yana iya sanin dukkan sharuɗɗan lafiya alhali shi kansa yana kwance. Wannan sani na biyu shi ya kira zauƙi, watau ɗanɗano.

Bari in kawo misali daga namu. Ka ɗauki mutumin da bai taɓa cin goro ba, ka kwana kana yi masa bayanin ɗacinsa da kuma zaƙin nan da yake biyo baya in an kurɓi ruwa. Zai iya haddace bayanin, har ya ci jarrabawa a kai. Amma tsohuwar da ke tauna ɓarin goro a bakin ƙofa ta san wani abu da shi bai sani ba. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, ɗanɗano kuwa ya kori su duka biyu.

A nan ne shakka ta biyu ta same shi, kuma ta fi ta farko zafi, domin a kan niyyarsa take. Ya duba koyarwarsa ya ga neman suna da ɗaukaka ne suke tura shi. Wata shida, tun daga Rajab na shekara ta 488 ta Hijira, watau 1095, yana kai gwauro yana kai mari tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ma ya daina karɓarsa. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A ƙarshen shekarar ya bar Bagadaza da sunan zai tafi Makka, ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa. Ya je Baitul Muƙaddas, ya yi aikin hajji, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini mai littafi 40. Ya rasu a Ɗus a 1111.

A cikin Ihya'u ya kwatanta zuciya da tafki. Ana iya cika shi da ruwan ƙoramu daga waje, su ne gaɓoɓi da karatu. Ana kuma iya haƙa ƙasansa a kwashe laka har idon ruwa ya ɓulɓulo daga ciki. Duk wanda ya taɓa ganin ana yashe rijiya ya san aikin na biyu ba na malalaci ba ne.

Kada a zaci wannan tsohon zance ne wanda kimiyya ta riga ta rufe. A 1974 masanin falsafa Thomas Nagel na Amurka ya kawo misalin jemage: ko mun san komai game da ƙwaƙwalwarsa da yadda yake gane hanya da amsa-kuwwa, ba mu san yadda shi jemagen yake jin zamansa jemage ba. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya ci wa David Chalmers alwashin cewa cikin shekara 25 za a gano takamaimai abin da ke haifar da hayyaci a ƙwaƙwalwa. A 2023 ya amsa a gaban jama'a cewa alwashin bai cika ba. An sami ilmi mai yawa game da barci da suma da aikin allurar barci, amma ratar da ke tsakanin bayani da ɗanɗano tana nan.

Ma'auni

To, in mun yarda zuciya tana iya kawo sani, ashe ba mu buɗe ƙofa ga kowane mai da'awa ba? Wannan tambaya tana da nauyi, domin duk mun san yadda ake raba aure, ko a cinye dukiyar marar lafiya, ko a jefi maƙwabciya da maita, da sunan "an nuna mini a mafarki".

Gazali bai bar wannan ƙofa a hangame ba. A babin abubuwan al'ajabi na zuciya ya raba abin da ke ɗarsuwa a rai gida biyu: mai kira zuwa alheri shi ne ilhami, mai kira zuwa sharri shi ne waswasi. Ya kuma yi gargaɗi cewa mafi haɗari shi ne sharrin da ya sanyo rigar alheri, wanda ba a gane shi sai da ilmi da tsoron Allah. Mafi yawan malaman usulu kuma sun tafi a kan cewa ilhamin wani ba hujja ba ne a kan wani, kuma ba ya halatta haram. Saboda haka mai hankali yakan yi wa abin da ya faɗo masa tambaya uku. Ya saɓa wa abin da ya tabbata a shari'a? Ni ne zan ci riba da shi, wani ya ɗauki hasara? Ya ƙara mini tawali'u, ko ya sa ina ganin na fi kowa?

Mun ga wannan haɗi a tarihin ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, ya kuma ba da labarin abin da aka nuna masa wajen shekara ta 1794, yana ɗan shekara 40, inda ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Amma shi ne dai ya rubuta Ihya'us Sunna, yana auna ayyukan jama'a ɗaya bayan ɗaya da nassi. Abin da ya ɗanɗana ya ƙarfafa masa gwiwa, abin da ya kira mutane da shi kuwa hujja ce wadda kowa zai iya dubawa.

Ta ɗaya ɓangaren, an ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Mu da muke bin mazhabarsa ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan kalma. Istihara ma kanta ikirari ne na bawa cewa bai san inda alheri yake ba, sa'an nan ya yi shawara, ya ɗauki mataki, ba tare da an yaye masa gaibu ba.

Kammalawa

A taƙaice, ina kira ga ɗalibanmu da kada su ɗauki kokwanton da karatu ya tayar musu a matsayin abin kunya. Hujjatul Islami kansa ya shiga wannan duhu, ya kuma rubuta labarin don na baya su amfana. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya kai tambayarsa inda ya dace, ya kuma yi haƙuri da jinkirin amsa. Ina kuma kira ga 'yan'uwana malamai, na jami'a da na zaure, da mu saurari irin waɗannan tambayoyi ba tare da tsawa ba, domin yaron da aka tsawata wa ba ya daina shakka, daina faɗa kawai yake yi, daga nan kuwa sai ya faɗa hannun wanda zai sayar masa da tabbaci na ƙarya. Mu koya musu lissafi da hujja, mu kuma koya musu yin shiru su saurari zuciya, sa'an nan mu miƙa musu ma'aunin da za su auna abin da suka ji.

Allah shi ne mafi sani.