KASUWA: TSAKANIN HANNUN HUKUMA DA HANNUN 'YAN TSIRARU

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa matasa a garin Gwiwa ta ƙasar Kazaure. Mun rubuto shi ne domin amfanin masu karatu. 

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da Alayensa da Sahabbansa. 

Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, shin hukuma ta sa hannu a kasuwa ne, ko kuwa ta ƙyale ta ta yi halinta? To, kafin mu amsa, mu fara duba kasuwanninmu na nan karkara. Ita ƙaramar kasuwa kamar tsibiri take a tsakiyar ruwa. Masu sayarwa ga su nan ɗaruruwa, amma masu sayen buhu-buhu ba su wuce ka ƙirga su da yatsu ba. Manomi ya ɗauko riɗinsa ko geronsa a amalanke, ba shi da kuɗin motar kai shi Dawanau, ga mai bashi na jiransa a gida. In 'yan tsirarun nan suka haɗa baki a kan farashi, ina zai nufa?

Kakanninmu sun ɗanɗana wannan a kan gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya kankama. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt su ne masu faɗa a ji, su ke yanke farashi, 'yan baranda na tsaye tsakaninsu da manomi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Sai gwamnati ta ce za ta shigo. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 harkar ta koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke faɗin farashi a farkon kaka, ba mai saya mata sai wanda ta ba lasisi, ba mai fitarwa waje sai ita. Farashin da take ba manomi kuwa ƙasa yake da na kasuwar duniya. Rarar, wai ajiya ake masa domin ranar da farashi zai faɗi, amma da yawanta ayyukan gwamnati ta tafi. Kun gani? Da, masu saye kaɗan ne. Yanzu sun koma ɗaya tal. Da fari ya zo a 1973, annoba ta afka wa gyaɗa a 1975, sai dalar gyaɗa ta zama labari.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin nan a ƙarƙashin shirin SAP, aka ce kowa ya sayar wa wanda ya so. Madalla. Amma wanda ke da sito da jari shi ke iya jira. Talaka ya sayar da kaka a wulaƙance, ya dawo da damina ya sayi hatsin nan nasa da tsada. An gudu ba a tsira ba.

Bayan cire tallafin mai a 2023 abinci ya yi tashin gwauron zabi, har a watan Fabrairu na 2024 hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Akwai ma dokar tarayya ta 2018 da ta haramta haɗa baki a kan farashi. To amma wa ya taɓa ganin mai aiwatar da ita a kasuwar Gwiwa, ko Roni, ko Ɓaɓura?

'Yan uwa, Musulunci bai bar mu a duhu ba. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, an nemi Manzon Allah (S) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma shi ɗin dai ya hana ɓoye abinci don a jira tsada, ya hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ya hana taya kaya na ƙarya don a ruɗi mai saye, ya hana algus. Alƙur'ani kuma ya yi narko mai tsanani ga masu tauye mudu. Wato aikin hukuma ba shi ne ta zama 'yar kasuwa ba, ba kuma ta naɗe hannu ba. Aikinta ta tsare ƙofa a buɗe, ta tsare ma'auni, ta karya haɗin bakin azzalumai, ta gyara hanya yadda masu saye za su yawaita.

Saura mu. Da yawanku 'yan awo ne, wasu dillalai, wasu yaran attajirai. Ranar da maigidanka ya ce ka je bakin hanya ka tare manoma, ko ya miƙo maka tiyar saye daban, ta sayarwa daban, ka sani kai ne hannun da zaluncin ke aiki da shi, kuma ba maigidan ne zai tsaya maka gobe ƙiyama ba. Ku kuma manoma, mutum goma in suka haɗa buhunansu suka ɗauki mota ɗaya zuwa babbar kasuwa, sun fita daga tsibirin nan.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.