Ɗanyen nama, tuwon gida ko abincin buhu: me ya kamata karenka ya ci?

Yau hirar karnuka za mu yi. Na san wani zai yamutsa fuska, to amma mu faɗi gaskiya, karnuka sun cika unguwanninmu: na gadi, na 'yan farauta, na makiyaya, ga kuma samarin yanzu da ke sayen manyan karnukan waje da kuɗi mai tsoka. Tunda ka ɗaure dabba a gidanka, cinta da shanta sun hau wuyanka. Tambayar da ake yawan turo mini ita ce: ɗanyen nama zan ba shi, ko in dafa masa, ko in sayo na buhu?

Bari in fara da abin da akasarinmu muke yi, wato ragowar abinci. Ƙanzo, guntun tuwo, shinkafar da ta kwana, a kwara sauran miya a kai a tura masa. Wasu a intanet za su ce maka haramun ne ma a ba kare hatsi, wai shi jikan kyarkeci ne, nama kawai ya sani. Wannan magana ba ta cika ba. A 2013 wasu masu bincike a ƙasar Suwidin sun wallafa sakamakonsu a mujallar Nature, inda suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke taimakawa wajen narkar da sitaci, kyarkeci biyu yake da ita, amma kare yana da daga huɗu har zuwa talatin. Dubban shekarun da ya yi yana bin ɗan Adam sun sauya masa ciki. Saboda haka tuwo ba guba ba ne a wurinsa.

Matsalar tana cikin miyar. Wace miya ce tamu babu albasa? Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba lallai ya faɗi a ranar ba. A hankali za ka ga ya yi sanyi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, sai a ce ai sammu aka yi masa ko ɓarayi ne suka ba shi wani abu. Ga gishiri da dunƙule da barkono da muke zubawa daidai bakinmu. Sannan tuwo zalla ba ya gina jiki. Kare zai ƙoshi, cikinsa ya yi tulu, amma gashi na zuba, haƙarƙari a waje. Tunda muna kan abubuwan da ke cutar da shi, ku ƙara da cakulan, inabi da zabibi, da kuma goro. E, goro. Sinadaran da ke sa ka wartsake idan ka ci, su ne ke birkita bugun zuciyar kare.

To sai ɗanyen nama, wanda shi ne yayi a wurin masu manyan karnuka. Wannan salo ya samu karɓuwa ne bayan wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafinsa a 1993 yana kira da a koma ba karnuka ɗanyen nama da ƙashi da ganye. Masu bin sa suna cewa gashi na sheƙi, haƙora na fari, kashi na raguwa. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito a 2012 ta ce ba ta goyon bayan ba karnuka ɗanyen nama, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Karen na iya ɗauke da su lafiyarsa ƙalau, yana zubar da su a kashinsa da yawunsa, yaron gida mai rarrafe ya kwasa. Kuma ku lura, su fa masu wannan tsarin a can suna da firji da wutar da ba ta ƙiftawa. Kai da wuta ke zuwa maka awa uku a yini, a zafin watan Afrilu, naman da ka ajiye tun safe me ya zama kafin magariba?

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda kuma ya shafe mu kai tsaye, shi ne kayan ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ko wurin fiɗa ranar layya ya san wannan: a buɗe hantar rago ko huhun raƙumi, sai a ga wani ƙulli kamar 'yar jaka cike da ruwa. Mahauci ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya wurga wa karen da ke gefe yana kaɗa jela. A ganinmu an yi tsafta, an raba mutane da ɓangaren da ya lalace. Alhali a daidai wannan lokacin aka rufe da'irar cutar.

Ga yadda abin yake. Cikin wannan jakar ruwa akwai 'ya'yan wata tsutsa. Idan kare ya haɗiye su, sai su girma a hanjinsa su zama tsutsotsi ƙanana, tsawonsu bai wuce milimita kaɗan ba, shi ya sa ba ka ganinsu kuma karen ba ya nuna alamar ciwo. Sai su riƙa sakin ƙwai a kashinsa. Ƙwan ya manne a gashinsa, ya shiga ƙasar tsakar gida, ya hau ganyen lambu, ya faɗa ruwa. Tumaki su ci a ciyawa, mutum kuma ya ci ta hannun da bai wanke ba. A jikin mutum ƙwan yakan tafi hanta ko huhu ya kafa irin wannan jakar, tana girma shiru shekara da shekaru. Sai bayan lokaci mai tsawo mutum ya fara jin nauyi a gefen ciki ko tari, a yi hoto a ga ƙulli, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Idan ta fashe a ciki kuwa, rai na iya tafiya. Yankin Turkana na ƙasar Kenya, inda makiyaya ke zaune kusa da karnukansu sosai, yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Ƙasar Ayisland ta yi fama da ita a ƙarni na 19, ta kuma kawar da ita, kuma babban makaminta shi ne hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki. Niyuzilan ma hanyar da ta bi ke nan har ta ayyana rabuwa da cutar a 2002.

Don haka ni dai a nan ba na sassautawa. Hanta ko huhun da aka ga ƙulli a jiki, a ƙona ko a binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Mai kyan ma a tafasa shi sosai kafin a ba shi. A kuma riƙa ba kare maganin tsutsa a kai a kai, likitan dabbobi zai haɗa da wanda ke kashe irin wannan, sunansa praziquantel.

Abincin buhu fa? Wani Ba'amurke mai suna James Spratt ne ya fara sayar da biskitin karnuka a Landan wajajen 1860, sai irin 'yan dunƙule-dunƙulen da muke gani yanzu suka bazu a shekarun 1950. Amfaninsa a fili yake: an auna komai, ba ka buƙatar firji. Idan za ka saya, duba jikin buhun ko an rubuta cewa cikakken abinci ne bisa ma'aunin AAFCO na Amurka ko FEDIAF na Turai, ka duba kwanan watan lalacewa. Sai dai shi ma ba tsarkakakke ba ne. A 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai ɗimbin yawa a Amurka bayan an gano sinadarin melamin a cikin wani garin alkama da aka shigo da shi daga Sin, ƙodar dabbobi da dama ta lalace. A ƙarshen 2020 kuma gubar fumfunar masara, wadda ake kira aflatoksin, ta kashe karnuka sama da 100 a can. Wannan gubar mun san ta a masararmu da gyaɗarmu. Shi ya sa nake jin tsoron wanda ake buɗe buhu a kasuwa ana aunawa a kwano, rana ta doke shi, damina ta jiƙa shi. Idan ka saya, rufe shi ruf a wuri mai sanyi da bushewa, in ya canza wari ka zubar. Sai kuma maganar tsada, wadda ba sai na faɗa muku ba, tunda yawancinsa da dala ake shigo da shi.

Wannan ya dawo da mu tukunya, kuma a ganina nan ne mafita ga mafi yawanmu: a dafa wa kare nasa daban. Shinkafa ko garin masara ko dankalin Hausa, a haɗa da dafaffen nama, tumbi, ƙwai ko kifi marar ƙaya, a jefa kabewa ko karas, ɗan mai kaɗan. Babu albasa, babu dunƙule, babu yaji. Hanta kaɗan ake sawa, kamar kashi 5 cikin 100, domin idan ta yi yawa bitamin A na taruwa ya zama illa.

Sai dai kar a ɗauka dafawa a gida wasa ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba tsarin girkin karnuka guda 200 daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan mantawa shi ne kalsiyam. Tsokar nama cike take da fosfaras amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, to idan babu shi a abinci sai jiki ya riƙa zaro shi daga ƙashi. Ka taɓa ganin ɗan kwikwiyon da ake ji da shi, kullum nama, amma ƙafafunsa sun gwame yana tafiya da ƙyar? Sau da yawa dalilin ke nan. Maganin yana kwandon shararka: ɓawon ƙwai. A wanke, a busar, a daka ya yi laushi kamar gari, rabin ƙaramin cokalin shayi ga kusan rabin kilo na nama. Wannan awon na babban kare ne. Ɗan kwikwiyo, musamman irin masu girman jiki, yawan kalsiyam ma na ɓata masa gaɓoɓi, don haka nasa awon sai likita, ko a bar shi kan abincin buhu na 'yan kwikwiyo har ya tasa.

Ƙashi kuma, dafaffe ko gasasshe, musamman na kaza, kada a ba shi. Wuta na sa shi ya bushe ya riƙa tsagewa kamar tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Na san kowa zai ce ai karenmu ya shekara goma yana ci, to ranar da ta ɓaci kuɗin tiyata ya fi na buhun abinci.

In za ka sauya masa abinci daga wani zuwa wani, yi a hankali cikin mako guda, kana ƙara sabon kana rage tsohon, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Ruwa mai tsafta kuma ya zauna a gabansa dare da rana, a inuwa. Masu tambaya kan awon abinci gwargwadon nauyin kare, ku ajiye mini nauyinsa da shekarunsa a ƙasa, da su za mu buɗe shiri na gaba. Sai mun haɗu.