Jawabi a kan ciwon daji na hanji: icce guda, aikin shekara 30



Ciwon daji yana kama babban hanji da dubura. Tsiro ne yake fitowa a ciki, yana girma sannu sannu. Mai shi yakan ga jini cikin bayan gida, ya dinga ramewa. Mutane da yawa suna ce masa basur, su yi ta shan sassaƙe har lokaci ya ƙure.

Ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo daga icce ya fito. Iccen a ƙasar Sin yake. Mutanen can suna kiran shi iccen farin ciki.

A Amurka, masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ɗauki ɓawon iccen suka shiga ɗakin bincike. Suka jiƙa, suka tace, suka rarraba abin da ke ciki kashi kashi. Kowane kashi sai an gwada shi ga ɓeraye masu ciwon daji. A 1966 suka ware sinadarin da ke aikin, suka sa masa suna kamtotesin.

Da aka gwada shi ga mutane, sai murna ta koma ciki. Ba ya narkewa sosai cikin ruwa. Yana sa zawo mai tsanani, yana ƙona mafitsara har a yi fitsarin jini. Aka ajiye shi shekara da shekaru. Ga magani a hannu, amma ba dama a ba majinyaci.

Sai a 1985 aka gano yadda yake aiki: yana tare wani sinadari wanda ƙwayar ciwon ke bukata kafin ta rabu biyu. In ba ta rabu ba, tsiro ba ya girma. Masana na Japan suka gyara ginin maganin, ya zama mai narkewa, cutarwarsa ta ragu. Sunansa irinotekan. Japan ta yarda da shi a 1994, Amurka kuma a 1996 domin ciwon daji na hanji.

Har yanzu yana sa zawo da zubewar gashi. Shi ya sa lokotoro kaɗai ke ba da shi, ta jijiya, bisa awo. Kuma in an ga tsiron da wuri, aikin tiyata ne babban magani.

Wanda ya ga jini cikin bayan gida, ko da ya ɗauka basur ne, ya tafi likita a duba shi.