Wasan kwaikwayo a ɗakin jinya: yadda ake taimakon mai gudun abinci



Kai mai kiwo ka sani, in saniya ta tsaya cikin ɗanyar ciyawa ta ƙi sa baki, ba duka za ka kai mata ba, jikinta za ka duba. To haka ɗan Adam yake. Akwai ciwon da ke sa mutum gudun abinci alhali ga tukunya cike. Likitoci na ce masa anoreksiya, sunan da wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa masa a 1873. Mai shi yakan rame har ƙashi ya fito, amma shi a idonsa ƙiba yake gani. Akwai kuma bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a Landan a 1979: mutum ya ci a ɓoye har ya wuce kima, sannan ya tayar wa kansa da amai. Sun fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba. Kuma suna kisa, domin bugun zuciya kan yi rauni, haila ta ɗauke, ƙashi ya lalace.

Wahalar ita ce mai wannan ciwo ba ya iya faɗin abin da ke cinsa. In ka tambaya, sai ya ce na ƙoshi. Nan ne wasan kwaikwayo ke shigowa.

Wanda ya fito da wannan hanya, Jacob Levy Moreno, likitan ƙwaƙwalwa ne. An haife shi a Romaniya a 1889, ya fara aikin a birnin Biyana na Ostiriya a 1921, ya koma Amurka a 1925. A 1936 ya buɗe asibiti a garin Beacon, da dandalin wasa a cikinsa. Ya kira hanyar saikodirama. Abin da ya lura da shi shi ne, maganar da ta maƙale a baki takan fito in mutum ya tashi ya kwatanta ta da jikinsa.

Ga yadda ake yi. Marasa lafiya 'yan kaɗan ne ke zama tare da ƙwararre mai jagoranci. A ce ga yarinya 'yar shekara 16. Sai a ajiye kujera babu kowa a kai, a ce mata: ga ciwonki nan zaune, yi masa magana. Daga nan ta koma kan kujerar ta amsa da bakin ciwon. Sai ka ji yana cewa, in kika ci ba mai son ki. Ka ga ke nan ta fara rarrabe muryarta da muryar ciwon.

Wani lokaci a shirya zaman cin tuwon dare na gidansu, wata ta zama uwa, sannan su yi musaya: yarinyar ta zama uwar, ta ji tsoron da ke sa uwa faɗa. Wani kuma ya tsaya bayanta kamar inuwa, yana furta abin da take ji ta kasa faɗi, in bai yi daidai ba ta gyara masa. A ƙarshe kowa ya faɗi inda labarin ya taɓa shi, ba a yanke wa kowa hukunci.

Amma a kula, wasa shi kaɗai ba ya mayar da jikin da ya rame. Dole likita ya auna nauyi, ya duba jini da zuciya, a mayar da cin abinci sannu a hankali, domin ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci mai yawa farat ɗaya na iya tsayar da zuciyarsa. Ga yara masu tasowa, jinyar da ake yi tare da iyaye ita bincike ya fi ƙarfafawa, wasan kwaikwayo kuwa ɗan rakiya ne. Kuma aikin wanda ya koya ne, domin yana tono tsohon miki.

Saboda haka, Malam, in 'yarka ko ƙanwarka na ramewa, fara kai ta asibiti a duba tarin fuka, ciwon suga da tsutsar ciki, waɗanda su suka fi yawa a wajenmu. In ba a ga komai ba, kuma tana ɓoye abinci ko tana zagawa bayan gida da zarar ta ci, ka gaya wa likita haka ƙarara.

Ku kuma masu fataucin magani a kasuwannin iyaka, ku ji tsoron Allah da ƙwayoyin ƙiba, irin su sha-ka-fashe. Wasunsu deksametazon ne, mai kumbura fuska, ya hau da jini da suga, ciwon kuwa yana nan inda yake.

Ke kuma Inna, rage gori a bakin akushi. Ki zauna da ita bayan an kwashe kwanuka, ki tambaye ta me ke damun ta, ki bar ta ta gama magana.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.