Takarda Mai Hatimi Ma Tana Ƙarya

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na birnin Yamai



Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa sau da yawa an yi ɓarna. Shaidar haka tana cikin tarihin Nijar.

A shekarar 2002 wasu takardu suka ɓulla a ƙasar Italiya, ɗauke da hatimin hukumomin Nijar, suna cewa wai an ƙulla cinikin tan 500 na uraniyom da Iraƙi. A watan Fabrairu na wannan shekara Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson nan Yamai, ya bincika, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka, a Janairun 2003 shugaba Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam ya nemi uraniyom a Afirka.

Da takardun suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ba a daɗe ba asiri ya tonu. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harakokin waje Allele Habibou, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Ran 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad al-Baradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ba a cika mako biyu ba aka faɗa wa Iraƙi da yaƙi.

Bayan jabu akwai gurgun tunani. Gaskiya ne wani jakadan Iraƙi ya ziyarci Yamai a 1999. Sai aka ce tunda ya zo, kuma Nijar na da uraniyom, to saye ya zo yi. Ashe duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwa ya sayi atamfa?

Ɗan kasuwa ba ya karɓar takardar kuɗi sai ya ɗaga ta ga haske. Ma'aikaci ba ya sa hannu sai ya duba kwanan wata da sunan mai aikowa. Haka ya kamata a yi wa kowane labari, na jarida ne, na rediyo ne, ko wanda ya shigo ta wayar salula: wa ya faɗa, yaushe, kuma wa zai ci riba in an yarda? Duk ma'aikacin da ya san jerin ministocin ƙasar nan da ya gano waccan wasiƙa tun kallon farko.

Allah Ya kare ƙasa da sharrin ji-ta-ji-ta. Wassalam.